Ta'aziyyar Sarkin Tuta, Wanda Muka Bari Yana Jira

Cikin alhini, da kunyar da ta fi alhinin nauyi, Ƙungiyar Hausawa Masu Tseren Juriya ta Dubai, a madadin Shugabanta da iyayen ƙungiya da ɗaukacin direbobi da makanikai, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma wanda ya assasa ta, Alhaji Abdulganiyyu Halliru Fagge, Sarkin Tuta, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Asabar da ta gabata, wato ranar tserenmu na bana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk Bahaushen da ya daɗe a unguwar Deira ya san asalin tseren nan. Gardama ce ta ƙofar shagon marigayi, inda yake sayar da kayan gyaran mota: Kanawa na cewa babu direba sai nasu, 'yan Damagaram na cewa wanda bai taɓa keta sahara ba ai ɗan koyo ne, 'yan'uwanmu na zangunan Ghana kuwa suna gefe suna yi wa kowa dariya. Da surutun ya ishe shi sai ya ce khalas, ya isa haka, a je a gwada. Ya kama hayar fili a bayan gari, ya tattaro tsofaffin motocin da ba wanda zai ɓata kwantena ya aika da su gida, ya ce ba gudu ake nema ba, wanda motarsa ta jure daga hantsi zuwa faɗuwar rana shi ne gwani. A shekarar farko mota ɗaya ce ta kai ƙarshe, ita ɗin ma turo ta aka yi.

Daga wannan wasa tseren ya zama abin da ake baro Kano da Kumasi don a gani, kuma duk ƙa'idojinsa daga bakin marigayi suka fito. Shi ya ce a tsaya cak idan lokacin salla ya yi. Shi ya ce kowa ya jefa wayarsa cikin kwali a rufe har a tashi, tun ranar da ya kama wani direba yana cinikin kayan kago a waya yana tsakiyar shan kwana. Kuma shi ya ce ba za a miƙa kofi ba sai an jawo motar ƙarshe da ta mace, an tabbatar kowa ya dawo. Tutar da ake kaɗawa a buɗe tsere, uwargidansa Hajiya Mahfuza ce ta ɗinka ta da ƙyallen shadda fara da baƙa, a gidansa take kwana. Da ciwon suga ya rage masa gani ya daina tuƙi, ƙungiya ta ɗauki alkawarin kowace shekara za ta aika mota gidansa da ke Hor Al Anz ta ɗauko shi, ya kaɗa tutarsa da hannunsa.

Bana ba mu aika ba. Ba za mu ɓoye wannan a bayan kalaman ta'aziyya ba, domin wallahi marigayi ba mutum ne mai son a yi masa lulluɓi ba. Shugaba ya ɗauka ni Sakatare na tura mota, ni kuma na ɗauka Shugaba ya tura. Da motoci suka jeru muka ga kujerarsa babu kowa, ba wanda ya ce a dakata. Abin da muka ce shi ne hanya da cunkoso, rana tana yi, yalla a fara, in an jima a ɗauko Baba ya rufe mana. Aka kaɗa tawul a madadin tuta, wayoyi suka shiga kwali, ƙarar injuna ta tashi, ba mu ƙara tuna shi ba.

Shi kuwa tun da safe ya sha babbar riga da hula, ya zauna a falo, tuta a kan cinya. Bayan azahar ƙirjinsa ya riƙe. Hajiya ta kira Shugaba, ta kira ni, ta kira duk wanda ya taɓa cin tuwonta a cikinmu, wayoyin na ta kuka a cikin kwali. Maƙwabtansa 'yan Bangladesh, waɗanda ba su san ko sunan ƙungiyarmu ba, su suka sauko da shi suka raka shi asibiti, su suka laƙƙana masa kalmar shahada. Allah Ya saka musu da alheri. A lokacin muna can muna tafi da ihu.

Mun je gaisuwa kanmu a ƙasa, muna jiran a zage mu, da ma hakan aka yi da mun samu sauƙi. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta dai shaida mana cewa duk lokacin da ta ce ya cire rigar ya ɗan kishingiɗa, ko ya sa wani abu a bakinsa, sai ya ce a'a, yaran nan suna hanya, cunkoso ne ya riƙe su, kada su zo su same shi bai shirya ba. Mun nemi gafararta. Ba ta ce ta yafe ba, mu kuma ba mu da bakin da za mu matsa mata.

Saboda haka ƙungiya tana sanar da cewa ba za a miƙa kofin bana ga kowa ba, tunda ba kowa ne ya dawo ba. An kuma dakatar da tseren, ba za a sake jera mota ba sai ranar da Hajiya ta miƙo tutar nan don kanta. In ba ta miƙo ba, to tarihinsa ya ƙare a nan, kuma mu muka ƙarar da shi.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya jiƙan Alhaji Abdulganiyyu, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ya bai wa Hajiya Mahfuza da 'ya'yansa, Nasrullahi da Shamsiya, da dangi na Fagge haƙurin jure wannan rashi. Mu kuma Allah Ya yafe mana, domin bawan Allah nan har ya cika, uzuri yake nema mana.

Salmanu Bashiru Yakasai
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya
Deira, Dubai