Kada Ka Kunna Kwamfutar

Baban Jumana,

Na tafi makaranta, ni ke tsaron jarrabawa yau. Don Allah kada ka kunna kwamfutar nan, ko na minti ɗaya.

Da safe na zauna shigar da makin ɗalibai, ta ƙi, wai babban ma'ajinta ya cika. Na tashi ɗora shayi, Jumana ta ce, "Mama, bari in share miki." Ta nemo jakar fayilolin da ta fi nauyi, wadda ka sa wa suna "Zaitun". Ta ɗauka hotunan bishiyoyi ne, ta goge. Har kwandon sharar kwamfutar ta zubar, yadda ni da kaina na koya mata.

Hirarrakin marigayiya mahaifiyarka ne a cikin jakar, waɗanda ka naɗa lokacin tsinkar zaitun. Ba mu da su a ko'ina.

Kai kwamfutar shagon Murad mai gyara, a kashe yadda take. Na kira shi, ya ce muddin ba a ajiye komai a kanta ba, wataƙila su dawo.

Kada ka yi wa yarinyar faɗa, laifina ne. Ban faɗa mata abin da ta goge ba. Fuskata ta kalla ta ce, "Mama, muryar Kaka ce a ciki."

Suha