Manhaja Ta Ba Mai Ɗakina Kujerata

Malama mai filin shawara, ki taimake ni kafin Asabar, murna ce ta kai ni ta baro.

Jikata ta gama jami'a. Ni da sai da gemu ya yi fari na koyi karatu a ajin manya na yamma, har yau bakina bai rufu ba. Aikinta na farko a masana'antata ne, inda muke yin kujeru da gadaje. Ta zo da manhajar nan da ake rubuta wa magana ta amsa, za ta zana mana yadda aiki ke tafiya, daga zuwan mai saye har fitar kaya. Na ce ni zan rubuta bayanin da hannuna, ba a banza na shiga aji ba. Na gai da manhajar, na tambayi gajiya, sannan na faɗi gaskiya: ko katako za a saya, ko kafinta za a ɗauka, nakan ce a dakata, in shiga cikin gida wurin kakar yarinyar, in fito da amsa.

Zane ya fito. Kowace kibiya ta nufi wani akwati can sama mai suna "Cikin Gida". Ni ina gefe a wani ɗan akwati, an rubuta "mai kai saƙo", har da shawarar a cire matakin, wai yana jawo jinkiri. Na lallashi manhajar, ta ba ni haƙuri, ta ƙara wa akwatina girma, amma ko kibiya ɗaya ba ta nufo ni ba. Ranar Asabar za a nuna wa 'ya'yana da ma'aikata. In sauya bayanin a ɓoye ne? Ba na son ɓata wa yarinyar aiki, ba na kuma son kafintoci su ga wannan.

Kakan mai digiri

Baba, barka da arziki. Kunyarka da dalili, amma manhajar ba ta yi maka sharri ba, abin da ka ba ta shi ta zana. Kada ka taɓa komai a ɓoye, zanen ƙarya jikarka zai kunyata. Ku zauna tare ku sake bayanin. Wa ke gane katakon da bai bushe ba? Wa ke sanyaya mai saye in ya zo da faɗa? Ka rubuta irin waɗannan dalla-dalla, ma'aikata su duba su tabbatar.

Akwatin Inna mai ɗakinka kuwa, bar shi inda yake. Kafintocin da kake jin nauyi sun yi shekaru suna ganin ƙofar da kake shiga. Allah ya sa albarka a aikin jikarka, ya ƙara muku zaman lafiya.