Turbar da ta Bi ta Tagarka

Zuwa ga Selwyn nawa, tsohon rigima na gonar High Garth, sanyin idona, ranar hunturuna, garwashin da ya ƙi mutuwa cikin toka!

Kafin gaisuwa ga ka-cici-ka-cici, tunda yanzu ba ka da bakin katse ni. Wace aba ce ta kowa da kowa, amma ba mai iya ɗauke ta ya kai gida. In ana taka ta tana rayuwa, in aka tausaya mata aka bar ta ta huta sai ta mutu? Yi ta juya ta a kanka. In ka kasa ka ba ni gari, kuma ba wani gari nake so ba sai kujerar nan ta kusa da murhunka.

In kuwa kai ne ka buɗe wasiƙar nan, Duncan, to ka ji kunya. Sunan ubanka ne a bayan ambulan. Ciwon shanyewar jiki ya ɗauke masa harshe da hannun dama, bai ɗauke masa ido ba. Ɗora masa tabarau a hanci, ka koma wajen tumakinka.

Ya katangar dutsena da iskar tudu ta kasa turewa! Ya rafin da ba ya ƙafewa ko a shekarar fari! An gama magana, Selwyn. Na san ba wanda zai gaya maka a gidan nan, shi ya sa na ɗauki biro. Hukuma ta yarda da roƙon ɗanka. Turbar ƙafa da ta ratsa tsakar gidanka, ta bi ta gindin tagar kicin, za a ɗauke ta a ƙarshen watan nan. An riga an kafa sabon ginshiƙi mai kibiya ruwan ɗorawa, yana nuna can bayan rumbun ciyawa. Ka ji, wai ɗauke hanya, sai ka ce tabarma!

Ka yi dariya da rabin bakin da ya rage maka, don abin dariya ne. Wa ya fi ka son a rufe turbar nan? Ka manta shekarar da ka ɗaure matakalar katanga da waya mai ƙaya? Na taho daga coci da hulata ta Lahadi, na zaro filaya daga jaka. Ka fito kana kumfar baki: "Ke Thelma Raine, gonar ubana ce wannan!" Na ce, "Gonar taka ce, amma faɗin ƙafafuna biyu na dukan gari ne. Kakata ta bi nan da kwandon ƙwai tun ba a ɗinka maka wando ba." Mako na zagayowa ka saki bijimi a filin. Bijimin da ya fi ka tsufa, ya fi ka ladabi! Na ba shi tuffa, na sosa masa goshi, ya raka ni har bakin ƙofa yana lumshe ido. Kai kuwa kana laɓe bayan tarakta, kana zaton ban ga kunnuwanka ba.

Haka muka yi ta yi har gashinmu ya yi fari. Mijina Harold ya rasu, matarka Joan ta bi. Sai ranar nan da ruwa ya tsuge kamar an ɓula sama, ina wucewa jiƙe sharkaf, ka buɗe ƙofa kana kallon wani waje, ka ce, "Tunda ba ki da hankalin zama gida, shigo ki ɗiga a kicin ɗina." Kalaman soyayyarka kenan kaf, na tattara su na adana. Shayi baƙi ƙirin, kek da cuku a tsagaggen faranti. Wayyo Selwyn! Ina da jikoki har masu gemu, amma ranar nan zuciyata ta yi ta tsalle kamar ɗan ragon da aka saki kan sabuwar ciyawa. Wa ya taɓa jin ƙayar shinge ta yi fure a tsakiyar hunturu? To tawa ta yi.

Tun da ciwon nan ya kwantar da kai, ƙofarka ta manta ni. Duncan bai yafe min filayar nan ba, yana yaro ya gan ni da ita. Kuma a ganinsa abin kunya ne tsoho ya yi budurwa bayan uwarsa. Na ƙwanƙwasa da kek a hannu, matarsa Lorna ta karɓe farantin ta ce kana barci, alhali ga ka can a kujera ido biyu, kana kallona ta gilashi. Ƙofa tasu ce, ba ni da ta cewa. Amma turba ba tasu ba ce! Doka ta ce kowa na iya wucewa ya dawo, ba ta ce a tsaya ba. Shi ya sa igiyar takalmina ke kwancewa kullum daidai tagarka. Nakan sunkuya da wannan ƙugun nawa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa, in ɗaure, in kwance, in sake ɗaurewa. Lorna ta leƙo ta ce, "Kaka, ba kya sayi takalmi mai zif ba?" Na ce, "'Yar nan, mai igiya likita ya ce." Kai kuma sai ka ɗaga yatsa ɗaya na hannun hagu, irin gaisuwar da kake wa mutane daga kan tarakta. Wannan yatsan, ya hasken safiyata, shi ne abincina, shi ne maganina, shi ke tashe ni daga gado ranar da ƙashi ya ce kada in tashi.

Kada ka ce ban yi faɗa ba. Na rubuta ban yarda ba, na je zauren taron ƙauye ranar da hukuma ta turo mai bincike. Duncan ya yi magana, kuma gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai kenan: baƙi na barin ƙofa buɗe, karnukansu na korar tumaki masu ciki, tarakta na ja da baya mutane na bi ta gindinta. Mai binciken, wani siriri mai takalmin birni, ya juyo ya ce, "Uwa, sabuwar hanyar ana hango kwari da rafi gaba ɗaya. A tsohuwar me ake kallo banda tarin taki?" Na ce, "Akwai wani tsohon rago a taga." Zaure ya ɗauki dariya, har da matar fasto. Shi bai rubuta ba. Ashe ba a sa irin wannan a takarda. Na zauna, na yi ta neman hankici a jaka kamar mura ce ta kama ni.

Jiya na gwada sabuwar hanyar. Ta bi bayan rumbu ta haɗe da hanyar dawaki, inda 'yan matan nan masu sukuwa suka kirɓa ƙasa ta zama kunu. Sandata ta nutse, na tsaya ina lilo kamar zalɓe mai ƙafa ɗaya. Na ɗaga kai ina neman ka, sai bango! Bango, Selwyn, da bututun hayaƙi. Ina zan sa kaina? Wa zan kai wa ƙara, tunda wanda aka kai wa shi ya yanke? In roƙi iska ta ɗauke ni ta kan rufi? In zama hankaka in sauka a tagarka? Ko hankaka ma Duncan harbe shi zai yi.

Abu ɗaya na gani, shi nake roƙonka. Tsohon ɗakin madara yana da 'yar taga a baya, tana kallon sabuwar hanyar ta ƙetaren fili. Ka sa su mai da kujerarka can. Na san ba ka da baki, amma kana da sanda, kana da taurin kan da ka shekara da shekaru kana gwada min. Buga ƙasa! Ƙi cin kunun safe! Yi ta nuna ɗakin har su gaji! Ka yi musu rabin abin da ka yi min, za su ɗauke ka da kujerar a ka.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, da nisa. Yanar idona ta yi kauri, daga can ba zan gane ko kai ne ko labule ba. Zan sa jar hula don ka gan ni. Zan ɗaga sanda in gaida tagar, ko kana ciki ko ba ka ciki, in koma gida in gaya wa kaina ka ɗaga yatsa. Kafin ƙarshen wata kuwa, igiyar takalmin nan za ta kwance safe da yamma, kowa ya ce abin da zai ce.

Taka ce ni, ya tsohon abokin faɗana, a tsohuwar hanya da sabuwa, cikin laka da ƙanƙara, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa a bi da ni ta hanyar coci.

Thelma

Amsar ita ce turba. In aka daina taka ta, ciyawa kan rufe ta kafin shekara ta zagayo.