Sifikun Baba

Lokuwa, Mubi
3 ga Fabrairu

Zuwa ga Hamma Zainu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Adda Halimat da yara. Yaya Kano, yaya kasuwa? Dada tana gaishe ka. Ƙafar ta yi sauƙi, kunnen ne dai sai a hankali.

Saƙonka ya iso ta hannun direba, Allah ya ƙara buɗi. Na rubuto ne don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Hamma, ba zan haɗa wannan amfilifaya mai ƙara sauti da ka aiko da sifikun marigayi Baba ba.

Na ga an rubuta wat dubu biyar a jikin kwalin, har da hoton zaki. Amma na juya bayansa na karanta ƙaramin rubutun: wat talatin kowane gefe. Da hannu ɗaya na ɗaga shi, bai kai tukunyar miyar Dada nauyi ba. Sifikun nan biyu da Baba ya ɗauko daga Garwa ta Kamaru tun ba a haife ni ba, kowace ɗari da hamsin take so. Kai da ka sha bin Baba kasuwar shanu, ka taɓa ganin ya sayi sa saboda tsawon ƙaho?

Tun da tsohon amfilifayanmu ya mutu, Dada ba ta ƙara jin faifan walimar saukarka ba, wanda Baba ya yi jawabi a ciki. A nan kaɗai muryarsa ta rage mana. Kunnen Dada ya yi nauyi, dole a ƙara sauti sosai. Ƙaramin amfilifaya kuwa in aka ƙure shi sai sautin ya dagule, wayar cikin sifika ta yi zafi ta ƙone. Mutane babba suke tsoro, alhali ƙaramin ne mai ɓarna. Shekara huɗu na yi a foli ina karatun lantarki, ba kitso na je koyo ba.

Na ga wanda ya dace a shagon Tizhe, mutumin Michika mai gyaran rediyo. Ka bar ni in yi abin da na sani.

Taka ƙanwa,
Juwairiya

Lokuwa, Mubi
11 ga Fabrairu

Hamma Zainu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Mu ma jikinmu lafiya, ran ne a ɓace.

Ashe maimakon ka amsa mini, Kawu Mubashshir ka kira. Ya zo ran Talata ina wajen aiki. Ya ce wa Dada a gidanmu ƙanwa ba ta mayar da kyautar babban wa, kuma kaya sabo fil daga Kano ya fi tsohon ƙarfen Tizhe. Ya jona wayoyin da kansa, ya sa faifan. Dada ta ce ba ta ji. Ya murɗa. Ta ce har yanzu ba ta ji. Ya murɗa har ƙarshe.

Baba bai gama gaida baƙi ba sifikar hagu ta yi tsit. Da na dawo da la'asar, ƙaurin bai bar falon ba. Kawu ya shaida wa Dada wuta ce ta yi rawa, ni kuma ya ce mini tsufa ne ya kashe ta. Shekara talatin tana aiki, tsufan bai tashi kama ta ba sai da zakinka ya shigo gidan.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ba don katako da waya ba. Na tuna yadda Baba yake goge su da tsumma duk Jumma'a, ba ya yarda ko kofi a ɗora a kai.

Wadda ta rage tana ɗakina, na kulle, makullin yana jakata. Kawu ya ce zai tara dangi a kaina saboda rashin kunya. To, bari ya tara. Zan shimfiɗa musu tabarma in dafa shayi, amma ƙofar ba za ta buɗe ba.

Juwairiya

Lokuwa, Mubi
20 ga Fabrairu

Zuwa ga Hamma Zainu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Adda Halimat sannu da jiki, na ji ta yi zazzaɓi. Allah ya ba ta lafiya.

Tizhe ya buɗe sifikar hagu a gabana. Wayar ta zama gawayi, takardar da ke kaɗawa ta ba da sauti ma ta ci wuta. Ya ce irinta ta daina shigowa, ko ya naɗa sabuwa muryar ba za ta koma yadda take ba. Na ce ya rufe ta haka.

Na ɗauko amfilifayan nan nasa ba tare da na nemi izinin kowa ba. Mu biyu muka ciccibe shi zuwa keke napep. Na jona sifikar dama ita kaɗai, na murɗa bai kai rabi ba, sai ga muryar Baba tangararau, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya fara addu'a. Dada ta ajiye carbinta. Duk inda ya roƙa, sai ta amsa da amin kamar yana zaune a ɗakin. Sau uku ta sa na maimaita.

Naka yana cikin kwalinsa, na ba direban da ya kawo maka wannan takarda. Ka ce na yi rashin kunya, na ji, na kuma ɗauka. Har gobe kai ne babba a gidan nan, kuma ina ƙaunarka. Amma abin da ya shafi waya da wuta, ni ce babba.

Abu ɗaya ya rage. Jiya Dada ta tambaye ni me ya sa Baba yake magana ta gefe ɗaya kawai, alhali da ta ko'ina take jin sa. Na ce ta jira ka zo da salla, kai za ka gaya mata.

Taka ƙanwa,
Juwairiya