Cikin Malam Bukar Ya Warke

Baban Ummi,

Sallama irin wadda muka saba. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Yara lafiya. Sani ya riƙe garejinka, har daga Jama'are ana kawo masa gyara.

Ka tuna Malam Bukar maƙwabcinmu, mijin Yagana? Ciwonka ne ya kama shi, dajin ƙarshen hanji. Ranar da Yagana ta zo mini tana kuka, na zaunar da ita na gaya mata abin da likita ya gaya mana: aikin iri biyu ne, ko a tsaga ciki, ko a huda 'yan wurare a zura na'ura, kuma ƙaramin rauni bai cika ruɓewa kamar babba ba. Na ce in likita ya ga zai yiwu, su zaɓi hudawa. Suka ji.

Kai fa? Ka yi dariya ka ce kai bakanike ne, ba ka taɓa ganin an gyara inji ba a buɗe shi ba. Na yi magana, ka ce na cika tsoro. An tsaga cikinka, an cire ciwon lafiya lau, ɗinkin ne ya yi ruwa. Ni na san warin mugunyar nan da zazzaɓin da ya bi bayanta, har ya raba mu.

Yanzu ga Malam Bukar yana takawa masallaci da ƙafarsa. Duk unguwa an je barka da arziki, ban da ni. Na dama kunun gyaɗa zan kai, na ji dariyar Yagana ta katanga, sai na juye wa yara. Ƙyashi nake yi, Baban Ummi, Allah Ya yafe mini. Ban so ya mutu ba, wallahi. Amma me ya sa maganata ta yi wa mijin wata amfani, nawa ya ƙi ji?

Na san kwana ne ya ƙare. Bakina ya sani, zuciyar ce ta ƙi.

Ɗazu Yagana ta aiko, wai tunda ban je ba, gobe su za su zo yi mini godiya. Aminiyata ce tun muna amare, ba zan rufe mata ƙofa ba. Zan shimfiɗa musu tabarma, in yi musu barka, in ji yana cewa shawarata ce Allah Ya sa ta cece shi. Da ma kai ne ka faɗi haka.

Allah Ya haskaka kabarinka. Sai na zo.

Matarka da har yanzu take jin haushinka,
Maman Ummi, Azare