Tambayar Da Aka Yi Mini A Ƙofar Asibitinku

Zuwa ga Shugaban asibitin da nake zuwa neman haihuwa a Katsina,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan Allah Ya tsare ku daga wannan annoba ta korona.

Ni matar aure ce daga Daura. Shekara biyar da aurena, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Likitarku ta ce ƙwayayen haihuwata sun yi ƙaranci, kada in yi wasa da lokaci. Ta ɗora ni kan allurai, ta sa mini ranar da zan dawo a ƙarasa aikin, ta ce idan ranar ta wuce alluran sun tashi a banza. Ga abubuwa uku da nake son ku sani.

Na ɗaya. Ranar ta faɗo cikin dokar kulle. Babu mota, sai maigidana ya goyo ni a babur muka ratsa ta gonaki. A ƙofarku aka tsayar da shi can nesa, ni na shiga layi. Mai gadi, sanye da takunkumi, ya ja baya ya ce, "Hajiya, me ya kawo ki? Ɗaga murya!" A bayana akwai wani dattijo ɗan unguwarmu, aminin mahaifina. Ranka ya daɗe, wace 'yar mutunci ce za ta kwarara murya gaban aminin ubanta ta ce haihuwa take nema? Na sunkuyar da kai na ce ciwon kai ne. Ashe ciwon kai yana cikin alamun cutar. Nan take aka kore ni, wai in je gida in killace kaina. Na yi ta yi wa mai gadin magana ƙasa-ƙasa, bai yarda na matso ba.

Na biyu. Da na dawo bayan killacewar, na tarar an rufe sashenmu, wai sai masu lalurar gaggawa. Wa ya auna gaggawar? Jikina ba ya jiran annoba ta wuce.

Na uku. Ba cewa nake a saka rayuwar ma'aikata cikin haɗari ba. Ni ma ina tsoron cutar. Amma da an ba mu kati mu nuna ba tare da magana ba, ko an ajiye mace a ƙofa, da ban yi ƙaryar da ta cuce ni ba.

Ni mai son karanta littattafan soyayya ce. A cikinsu, jiri ne ke ɗibar amarya a shafukan ƙarshe, likita ya yi murmushi ya ce albishirinku. Har sunan jaririna na zaɓa daga ciki. Yanzu da zarar labari ya doshi asibiti sai in rufe littafin.

Roƙona shi ne a buɗe sashen, a riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya, a gwada mu kafin mu shiga, kuma a daina tambayar mace sirrinta a bainar jama'a. Likitar ta gaya mini ta waya cewa ba ta da tabbacin jikina zai sake karɓar allurai. Wataƙila ni tawa ta ƙare. Amma ranar, ba ni kaɗai ba ce na ce ciwon kai.

Allah Ya yi muku jagora, Ya raya muku zuri'arku.

Wassalam.

Hafsatu, daga Daura.