Raɓa Har Gwiwa

Tungar Marke, ƙasar Shagari,
14 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayata Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Musa da 'yata Indo. Yaya ciwon bayan nan? Na san ba za ki tashi daga kan keken ɗinki ba ko likita ya haɗa ki da Allah, amma dai ki riƙa miƙewa. Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Waya a nan ba ta samun sabis sai an hau tudun bayan gari, shi ya sa na ba direban Bodinga wannan takarda.

Kakin da kika rage mini ya zauna daidai. Malamin Daji ake ce mini a garin nan, har dattawa masu furfura. Da kin ji da kin yi dariya, ke da kika sha wanke mini majina.

Aikina tsaron gandun dajin gwamnati ne da ke gabas da gari. Da daminar nan aka dasa dakwara da dogon yaro a ciki, kuma umarnin ofis a fili yake: ba kiwo, ba yankan ciyawa, ba wuta. Ruwa ya yi yawa bana, gamba ta fi ni tsawo, dajin gwanin sha'awa.

Mutum ɗaya ne ya hana ni sakat, wani tsoho, Baba Arzika. Wai al'adarsu ce, da ruwa ya ɗauke sai a yi gayya a yanke gambar gefen dajin, kowa ya kwashi ta zana da ta jinka, sa'an nan shi ya bi layin da aka yanke da wuta tun ciyawa na da ɗanye-ɗanye, ya bar fili baƙi tsakanin daji da gonaki. Kin san yadda yake gane ranar da za a sa wutar? Da sassafe yake shiga ciyawa, in raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa, to ranar ce, wutar za ta ci a hankali ta mutu da kanta. Yaya, shekara biyu na yi ina karatun gandun daji, ga wani ma'auninsa wando!

Sau uku yana zuwa, na ukun da mai gari. Na ce a'a. Na ga gambar kawai suke so. Da zai tafi ya ce mini, "Malam, hakin ga in ba a ƙone shi yau da hannu ba, shina ƙonewa gobe da kainai." Na ɗauki wannan a matsayin barazana, na sa sunansa a rahoton wata, don a san ina aiki.

Ki gaida Malam Musa, ki ce wa Indo alewarta na nan tafe.

Ƙaninki,
Kamal.


Tungar Marke,
9 ga Disamba.

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na san labari ya riga takardata isa Bodinga, to ki kwantar da hankalinki, ko ƙwarzane ban yi ba. Ba a rasa rai ba, mun gode Allah. Abin da aka rasa dai yana da yawa.

Ranar Talata bayan azahar wutar ta tashi daga can gefen hanyar mota. Ko masu haƙar gafiya ne, ko guntun sigari, har yau ba wanda ya sani. Iska na kaɗowa daga gabas, gambar nan da nake yabo ta bushe ƙayau. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kamar ana zazzage tsakuwa daga tifa. Muka fita da rassan sabara muna bugu, amma ko kusa da ita ba a iya zuwa. Kafin la'asar dashen nan duka ya tafi. Ta tsallaka gonakin gabas, inda dammunan dawa ke jingine ba a kai rumbu ba, da harawar da aka ɗora kan itatuwa. Gida goma sha ɗaya ne abincinsu na shekara ya zama toka. Na ga wani magidanci tsugune yana tona tokar da hannu, ko zai sami zangarniya ɗaya.

Saura kaɗan ta iso rumbunan bayan gari, sai ga Baba Arzika da bakin wuta a hannu. Ya bi tsohuwar hanyar shanu yana cinna wa ciyawa, tasa wutar ta tafi ta tari babbar, suka haɗu a tsakiya, ba abin ci, suka kwanta. A gabana aka yi. Ba don shi ba, da yanzu babu Tungar Marke. Hannuwansa biyu sun ƙone, don da bakin wutar ya ƙare, ciyawa mai ci ya riƙa dumtsa yana jefawa gaba.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Wani ya ɗauki hotonsa a waya yana cinna wutar, hoton ya kai ofis. A ofis kuma akwai takardar da ke cewa wannan tsoho ya yi barazanar ƙona daji, da sa hannuna a ƙasa. Jiya aka zo da mota aka tafi da shi Shagari, hannuwansa naɗe da tsumma.

Ki sa mu a addu'a.

Kamal.


Shagari,
13 ga Disamba.

Yayata, uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida. Na sami saƙonki da dambun naman, na gode. Kin ce in yi shiru in bi abin da manya suka ce, kada in jefa kaina cikin abin da ya fi ƙarfina. Na san tsoro ne ya sa ki faɗi haka, ba rashin imani ba. Ni ma tsoron nake ji.

Ogana ya ce in rubuta rahoton gobara kafin Litinin. Bai ce in yi ƙarya ba. Cewa ya yi in tsaya a kan abin da na rubuta a Oktoba, hoto ya ƙarasa sauran, magana ta mutu. In kuwa na kauce, za a tambayi dalilin da ya sa ba a share layin kariya ba. Hana wuta umarnin sama ne, amma share layin nan aikina ne, yana cikin takardar da aka ba ni ranar da na kama aiki. Ba ni da leburori, hannun da zai yi shi kawai gayyar nan ce, ni kuma na kore ta don kada a ce Malamin Daji ya bari an yanki gamba.

Na je na ga Baba Arzika inda ake tsare da shi. Na zaci zai zage ni, da ya fi mini sauƙi. Sai ya tambaye ni ko an kashe kututturan da ke ci a ƙarƙashin toka. Daga nan ya yi ta ba ni labarin dajin kamar ba a tsare yake ba. Ya ce da can manyan itatuwa ne, inuwarsu ba ta barin ciyawa ta yi tsawo, masu gawayi suka cinye su. Shanu kan shigo bayan girbi su rage abin da ya tsiro, sai aka nome burtali, wanda ya saura kuma mu ma'aikatan daji muka sa masa doka. Ruwa ma ya canza hali, ya zubo da yawa ya ɗauke lokaci ɗaya. Ciyawa ta ƙaru, masu rage ta sun ragu, saura mutanen gari da laujensu, su ma na hana. Duk wannan akwai shi a littattafan da na karanta, Yaya. Da ya fito daga bakin mai wando jiƙaƙƙe ne na ƙi ganewa.

Ba ya iya riƙe kofi. Ni na ba shi ruwa a baki.

Na san abin da kakin nan ya ci. Tun rasuwar Inna ke ce kika tsaya mini, na san sallolin da kika yi da tsohon zane don in zauna a aji. Ba ni da abin da zan saka miki da shi sai wannan aiki, shi ne kuma nake shirin saki. Na rubuta rahoton yau da safe. Na ce ban san wanda ya tada wutar ba, na san wanda ya kashe ta, na kuma san wanda ya tara mata abinci, shi ne ni. Na ce maganar da na kira barazana gargaɗi ce. Na kai da hannuna, an buga hatimi, ba ya dawowa.

Ki yafe mini. In kin ga ba za ki iya amsa wannan takarda yanzu ba, zan jira.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Kamal.


Tungar Marke,
17 ga Oktoba.

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fata kun ga ƙarshen damina lafiya, da ke da Malam Musa da Indo. Na ji daɗin zuwana gida da Babbar Salla, ko da yake har na taho ba ki daina kallona kina girgiza kai ba.

Kusan shekara ke nan da aka sallame ni saboda rahoton nan, kin tambaya ko akwai labarin mayar da ni aiki. Babu, kuma na daina jira. Geron da na noma a gonar da mai gari ya ara mini ya yi kyau, da rani kuma zan shiga fadama wajen albasa. Har yanzu akwai gidajen da ba sa amsa sallamata da sakin fuska, ban kuma ga laifinsu ba.

Sabon Malamin Daji ya karanta rahotona, ya nemi izini, an yarda a yi gayya bana. Shekaranjiya aka yanke gambar gefen daji, har maƙwabtanmu mutanen Mandera sun zo. Saura wuta. Baba Arzika, da rahoton ya sa aka sake shi, yatsunsa sun warke a ƙage, ba sa lanƙwasuwa, ko ashana ba ya iya ƙyastawa. Da aka tambaye shi wa zai riƙe masa bakin wutar, ga 'ya'yansa ga jikokinsa, sai ya nuna ni da haɓa. Na sunkuyar da kai kawai.

Kullum bayan sallar asuba yanzu muna shiga ciyawa tare, yana gaba ina baya. Ya ce idonsa ya yi rauni, kuma baƙin wandona ba ya nuna masa inda raɓa ta tsaya. Wandon kakin nan da kika ce yana cikin akwatinki kin rasa yadda za ki yi da shi, don Allah ki ba direba ya kawo mini gobe. Kaki yana nuna jiƙa sosai.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Kamal.